Jardan tun ɗan shekara biyu: abin da yaro ke samu da abin da uwaye ke saye

Duk shekara in komawa lakwal ta ƙarato, allunan talla kan cika bakin tituna a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa. A ƴan shekarun nan akwai abin da ya ƙaru cikin tallar: bayan firamare da kwaleji, yanzu har ajin ƴan yaye ake tallatawa. Wannan ya ce jardan, wancan ya ce garderi, wani ya yi alkawarin Faransanci da Ingilishi da Larabci a aji guda, wani ya ƙara da kwamfuta. Da safe sai ka ga yaron da bai daɗe da barin nono ba a gaban babur, sanye da kayan lakwal, rataye da jakar da ta kusa kai tsawonsa, yana gyangyaɗi.

Uwayen da ke biyan wannan kuɗi suna da hujjarsu. Sun ga yadda yara da yawa ke kai aji huɗu ko biyar na firamare ba su iya karanta layi guda ba, suna tsoron kada nasu ya shiga sahun. Sun kuma ji ɗan maƙwabci yana rera waƙar Faransanci, yana ƙirga har ashirin. In ka tambaye su sai su ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shi ya sa ake daurewa a biya kuɗin rajista, kuɗin wata, ɗinkin kaya, ɗan kabu-kabun da zai kai ya ɗauko, da abin taɓawar da za a sa a jaka, a gidajen da wani lokaci buhun hatsi ba ya ganin ƙarshen wata.

Ko wannan aji yana ƙara wa ɗan shekara biyu wani abu? An fi shekara 60 ana bincike a kan wannan tambaya a ƙasashe daban-daban, har da nan Nijar. Abin da binciken ya fi nunawa shi ne, yaron da bai kai shekara uku ba yana koyo ne daga babban da ke kula shi, yana amsa masa, cikin harshen da yake ji. Aji yana amfani gwargwadon yadda ya samar masa da wannan fiye da gidansu. In bai samar ba, kuɗin sun tafi ga kaya da jaka.

Mutum ne ke koya wa yaro

A shekarar 2003, wata masaniya a Jami'ar Washington ta Amurka, Patricia Kuhl, ta yi wani gwaji mai sauƙin fahimta. Ta ɗauko jariran Amurka ƴan wata tara waɗanda ba su taɓa jin Sinanci ba. Wasu aka zaunar da su da mutumin da ke magana da Sinanci, yana karanta musu littafi yana wasa da su, zama 12 cikin wata guda. Wasu kuma aka nuna musu mutanen nan suna yin abin nan a talabijin. Da aka gwada kunnensu daga baya, waɗanda suka zauna da mutum sun iya rarrabe sautukan Sinanci kamar jariran da aka haifa cikin harshen. Na gaban talabijin kuwa kamar ba su taɓa ji ba.

A lokacin, kasuwar faifan bidiyo na "ƙara wa jariri basira" tana ci sosai a Amurka. A 2009 kamfanin Disney, mai faifan Baby Einstein, ya yi tayin mayar wa uwaye kuɗinsu bayan an matsa masa lamba kan iƙirarin cewa faifan na ilimantarwa. A 2010 masu bincike a Jami'ar Virginia suka ba yara ƴan wata 12 zuwa 18 wani faifan koyon kalmomi suka kalla tsawon wata guda. Ba su fi waɗanda ba su kalla ba sanin kalmomin. Waɗanda suka fi kowa koyo su ne waɗanda aka ce wa uwayensu su koya musu kalmomin da bakinsu, ta yadda suka ga dama, ba tare da faifan ba.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin faifan Amurka na jiya shi ne wayar salula ta yau a gidajenmu. Yaro ya fara kuka, a miƙa masa waya. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a ajiye yaron da bai kai shekara biyu ba gaban allon waya ko talabijin, wanda ke tsakanin biyu da huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Shawarar ta ce yaro ɗan shekara ɗaya zuwa huɗu yana buƙatar aƙalla awa uku na motsa jiki a yini, ɗan shekara ɗaya zuwa biyu kuma barcin awa 11 zuwa 14. A riƙe waɗannan lambobi biyu na ƙarshe, domin da su ake auna ajin da ke tashin yaro da asuba ya zaunar da shi a benci har azahar.

Binciken da ya fi dacewa da halin da muke ciki an yi shi ne a Kingston, babban birnin Jamaika, daga 1986. Likita Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta sun zaɓi yara 129 ƴan wata 9 zuwa 24, dukkansu ƴaƴan talakawa waɗanda ƙarancin abinci ya tsumburar da su. An raba su da ƙuri'a. Wasu aka riƙa ba su madara duk mako. Wasu kuma ma'aikaciyar lafiya ta unguwa ke zuwa gidansu sau ɗaya a mako, ta yi awa guda tana nuna wa uwar yadda za ta yi wasa da ɗanta: ta faɗa masa sunan abin da ya ɗauka, ta yaba masa in ya yi daidai, ta haɗa masa kayan wasa da robar da aka zubar da tsumman gida. Shekara biyu aka yi ana haka, aka daina. Bayan shekara 20 aka koma aka nemo su. Waɗanda aka koya wa uwayensu wasa suna samun kuɗin da ya fi na sauran da kashi 25 cikin ɗari, har sun kamo tsararrakinsu da ba su taɓa tsumburewa ba. Tasirin madarar kuwa bai kai wannan nisan ba. Duk aikin nan a tsakar gida aka yi shi, babu allo, babu benci, kuma uwa ce malamar.

A nan Nijar ma an gwada makamancin haka. Shirin gwamnati na tallafin marasa ƙarfi, wanda Bankin Duniya ya ɗauki nauyinsa, ya riƙa ba magidanta mata jikka goma, wato sefa 10,000, duk wata har tsawon shekara biyu. A wasu ƙauyukan jihohin Doso da Maraɗi an haɗa kuɗin da tarukan faɗakarwa da ziyarar gida-gida kan ciyarwa, tsafta, lafiya da wasa da yara. Patrick Premand da Oumar Barry, waɗanda suka auna sakamakon, sun gano cewa faɗakarwar ta canza yadda uwaye ke kula da ƴaƴansu, kuma ta ɗan kyautata halayyar yaran da yadda suke mu'amala da mutane. Amma ba ta ƙara musu tsawo ba, ba ta kuma ɗaga makinsu a gwajin fahimta ba. Kuɗin su kaɗai ma ba su yi ba. Wannan sakamako ya kamata ya sanyaya gwiwar duk mai sayar da magani guda. A ƙasar da kusan rabin yara ƴan ƙasa da shekara biyar ba su kai tsawon shekarunsu ba saboda tamowa, ga zazzaɓin cizon sauro duk damina, ga zawo, taron wata-wata ba zai yi aikin ziyarar mako-mako ta Jamaika ba. Balle waƙar Faransanci ta rabin yini.

Tsakar gida ba kango ba ce

Akwai wata magana da ke da wuyar faɗa a bainar jama'a. A al'adarmu uwa tana kunyar ɗan fari: ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, wani lokaci ko kuka yake sai wani ya ce ta ɗauke shi. Da yawa kuma suna ganin hira da jaririn da bai iya magana ba wauta ce. Ba mu kaɗai ba ne. A yankin Kawlak na Senegal, inda wasu ke tsoron cewa yawan yi wa jariri magana ko kallon idonsa na jawo masa iska, ƙungiyar Tostan ta yi aiki da uwaye, da limamai da dattawan ƙauyuka. Binciken da Ann Weber, Anne Fernald da Yatma Diop suka fitar a 2017 ya nuna cewa bayan shekara guda maganar da uwaye ke yi wa ƴaƴansu ta ƙaru ƙwarai, bakin yaran kuma ya fi buɗewa fiye da na ƙauyukan da shirin bai kai ba.

Sai dai kuskure ne a ɗauka cewa in uwa ta yi shiru, yaro yana cikin shiru. A gidan yawa, ɗan yaye yana hannun kaka, goggo, kishiyar uwa, yayye da ƴaƴan maƙwabta. Kaka ce ke masa wasan jika, tana tsokanarsa yana ramawa. Yana bin manyan yara wasan ƙasa, ana dafa tuwon yashi a gwangwani, ana goya ƴar tsana, ana tura motar kara. Da dare ga tatsuniya. Ana aikensa ya ɗauko ludayi, ya kai wa baba buta, ya gaida baƙo. Duk wannan harshe ne, lissafi ne, sanin girma da ƙanƙanta ne, koyon jira ne da rabon abu da wani. Masu bincike da suka naɗi maganar yau da kullum a wani ƙauyen ƙabilar Maya a Meziko sun tarar ba a cika yi wa jarirai magana kai tsaye ba, amma yaran suna fara kalma da haɗa kalmomi a daidai lokacin da ƴaƴan Turawa ke yi. Yaro yana tsintar magana daga abin da ke kewaye da shi, in akwai abin tsinta.

Abin da ya canza shi ne birni. Ɗan ma'aikaci a Yamai, wanda uwa da uba ke fita da safe su dawo da la'asar, a bar shi a gida mai katanga da ƙofar ƙarfe, shi da ƴar aiki ƴar shekara goma sha biyu wadda ke da wanki da shara a gabanta, talabijin na kunne tun safe: wannan yaro ya fi ɗan ƙauye fuskantar shiru. A gare shi gidan reno mai kyau zai iya fin gida. Saboda haka tambayar ba ta tsaya kan ko aji yana da amfani ba. Sai an tambaya: aji wane iri, kuma a madadin me?

Ajin da ya yi amfani da wanda bai yi ba

Masu tallata karatun ƙuruciya kan kafa hujja da wata makaranta a garin Ypsilanti na jihar Michigan a Amurka, mai suna Perry. Tsakanin 1962 da 1967 an bi diddigin yara 123, ƴaƴan baƙar fata matalauta ƴan shekara uku da huɗu, kusan rabinsu aka sa su a ajin. Fifikon da suka samu a gwajin basira ya dushe bayan ƴan shekaru, amma da suka girma sun fi sauran gama sakandare da samun aiki, kuma an fi ƙarancin kama su da laifi. James Heckman, masanin tattalin arziki da ya ci kyautar Nobel, ya yi shekaru yana nuna cewa kuɗin da aka kashe sun dawo da riba. Abin da ba a cika faɗa a tallar ba shi ne yadda ajin yake: awa biyu da rabi kawai a yini, malama ɗaya ga yara biyar ko shida, malaman duk masu digiri, yaran ne ke zaɓar abin da za su yi su kuma ba da labarinsa bayan sun gama, sannan duk mako malamar tana zuwa gida ta zauna da uwar. Kuma ƴan shekara uku da huɗu ne, babu ɗan yaye a cikinsu.

Da aka faɗaɗa abin ya zama na jama'a da yawa, sakamakon ya rarrabu. A birnin Boston, yaran da ƙuri'a ta ba su gurbi a jardan na gwamnati sun fi sauran kaiwa jami'a. A jihar Tennessee kuwa, inda masu bincike na Jami'ar Vanderbilt suka bi yara kusan 3,000, waɗanda suka shiga sun fi sauran sanin haruffa da lambobi a ƙarshen shekarar, bayan shekara guda sauran suka kamo su, da suka kai aji shida kuma waɗanda suka yi jardan ɗin ne ke baya a jarrabawa, su ne kuma aka fi hukuntawa kan rashin ɗa'a. Ɗaya daga cikin masu binciken, Dale Farran, ta danganta haka da yadda ake tafiyar da azuzuwan: yawan zama wuri ɗaya ana sauraron malama, yawan jeruwa a layi, ƙarancin wasa. Duk wanda ya taɓa leƙa wasu jardan na unguwanninmu zai gane wannan hoto.

Game da ƴan ƙasa da shekara uku, darasin ya fito ne daga lardin Kebek na Kanada, wanda a 1997 ya fara samar da gidajen reno a kan dala biyar a yini. Mata da yawa sun samu damar fita aiki. Amma binciken da masana tattalin arziki uku, Baker, Gruber da Milligan, suka fitar a 2008 ya nuna ƙaruwar fargaba da faɗa a tsakanin yaran. Ana ta muhawara a kan wannan bincike har yau, sai dai kusan kowa ya yarda cewa an buɗe wuraren da sauri fiye da yadda aka tanadi ƙwararrun masu reno.

Lamba guda ce ta fi faɗa maka ingancin wurin da za ka kai ɗan shekara biyu: yara nawa ne a hannun babba ɗaya. A Faransa, wadda muka gaji tsarin lakwal daga gare ta, ƙa'idar gidajen reno da aka daɗe ana bi ita ce babba ɗaya ga jarirai biyar da ba su fara tafiya ba, ko ga yara takwas masu tafiya. Karatun dole kuma, tun 2019, daga shekara uku yake farawa. Dalilin a fili yake. Ɗan shekara biyu bai iya wasan haɗin gwiwa ba tukuna, yana wasa ne kusa da ɗan uwansa, kowa da nasa, in an taɓa masa kaya ya ciji mutum. Hankalinsa ba ya tsayawa kan abu ɗaya sai ƴan mintoci. Yana buƙatar wanda zai lura ya nuna kaza da yatsa, ya ce masa "kaza ce, ga ƴaƴanta can." Madam ɗaya da yara talatin ko arba'in, komai kirkinta, ba za ta iya wannan ba. Abin da za ta iya shi ne ta sa su zauna, su naɗe hannu, su maimaita abin da ta faɗa da murya ɗaya.

Laifin ba na masu lakwal kaɗai ba ne, kuma Gana ta nuna haka. A shekarar karatu ta 2015 zuwa 2016 an yi gwaji a jardan 240 a yankin Akara. An horar da malamai su rage haddar baki da bulala, su ƙara wasa da tattaunawa da yara. Azuzuwan sun gyaru, yaran ma sun ci gaba. A wasu makarantun sai aka ƙara da tarukan uwaye don a bayyana musu sabuwar hanyar, da zaton hakan zai ƙarfafa aikin. Sai ga shi a makarantun nan ribar da yaran suka samu ta zube. Masu binciken sun fi kyautata zaton cewa uwayen ne ba su gamsu ba: sun biya kuɗi don a koyar da karatu, sai aka ce musu ana wasa. Haka abin yake a nan. Diraktan da ya sa yara wasan ruwa da yashi da gwangwani, ya mayar da su gida da kaya duk ƙasa kuma babu komai a kaye, zai rasa rabin ɗalibansa kafin hutun farko. Wanda ya sa ɗan shekara biyu da rabi ya haddace ranakun mako da Faransanci, a ɗauke shi a waya a tura wa dangi, shi ne ajinsa zai cika baɗi.

Haddar kuwa ba ta nuna fahimta. Yaron da ke ƙirga har ashirin da Faransanci sau da yawa in ka ce ya miƙo maka dabino uku sai ya damƙo duka. Ƙananan yara suna iya ɗaukar harshe biyu ko uku ba tare da rikicewa ba, Damagaram da Yamai cike suke da yaran da suka tashi da Hausa da Barbarci ko Hausa da Zabarmanci. Amma sun koye su ne daga mutanen da ke hira da su da gaske. Abin da ke cutarwa shi ne gidan da uwaye suka daina yi wa yaro Hausa mai daɗi da yalwa, suka koma yi masa guntun Faransanci na umarni, zo, zauna, yi shiru, wai don kada a ɓata masa lakwal. Kundin sake gina ƙasa da aka fitar a ƙarshen watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Ko wannan zai isa ajin ƴan shekara uku, inda ya fi ko'ina sauƙin aiwatarwa tunda babu jarrabawa babu littafi mai tsada, sai mun gani.

Wani zai ce ai makarantar allo ma tun yaro na ƙarami ake kai shi. Gaskiya ne, amma a lura da yadda ake yi. Ɗan shekara uku yana bin yayarsa ne, ya zauna gefenta, ya ɗan bi baki, ya yi barci in barci ya zo, ya tashi ya koma gida in ya gaji, kuma gidan na nan bayan katanga. Malamin kirki ba ya tsammanin komai daga gare shi sai sabo. Ranar da aka fara dukan irin wannan yaro don bai riƙe ba, to matsalar ta zama ɗaya da ta jardan.

Kafin basira, rai

Ba za a yi wannan magana a Nijar a tsallake 2021 ba. A watan Afrilu na shekarar, wuta ta kama azuzuwan zana a wata lakwal ta unguwar Pays-Bas a Yamai, yara aƙalla 20 suka rasu, mafi yawansu ƴan jardan. A watan Nuwamba kuma aka sake a Maraɗi, inda aƙalla yara 25 ƴan shekara biyar da shida suka ƙone. Bayan ta Maraɗi ne majalisar ministoci ta haramta ajin zana ga ƴan jardan a duk faɗin ƙasar. Manyan yara sun iya gudu, ƙananan ne suka tsaya inda aka zaunar da su. Duk wanda zai tara yara ƙanana a ɗaki ɗaya ya ɗauki nauyin da ya wuce na koyarwa: ƙofa nawa ce, wa ke riƙe da mabuɗin, akwai ruwan sha da inuwa a watan Afrilu lokacin da zafi ke wuce digiri 40, akwai wurin wanke hannu, an duba katin rigakafin kowane yaro kafin a haɗa shi da sauran, ina ake kwantar da wanda ya yi zazzaɓi. Lakwal masu zaman kansu da yawa gidajen haya ne aka mayar azuzuwa. Sa ido a kansu aikin ma'aikatar ilimi ne da hukumomin gari, kuma ziyarar bazata sau biyu a shekara za ta fi takardar izinin da ke rataye a ofishin direkta amfani.

Akwai kuma amfanin da ba a rubutawa a allon talla, alhali shi ne ya fi tabbata. A lardin Gaza na Mozambik, ƙungiyar Save the Children ta taimaka wa ƙauyuka suka buɗe ƙananan jardan na al'umma daga 2008, da masu reno ƴan garin da aka ba horo. Binciken Bankin Duniya ya nuna yaran, ƴan shekara uku zuwa biyar, sun ci gaba a tunani da warware matsala kuma sun fi shiga firamare a kan lokaci, ko da yake harshensu bai canza sosai ba. Ya kuma nuna cewa uwayensu sun fi samun damar yin aiki, yayyensu kuma sun fi zuwa makaranta. A garuruwanmu kowa ya san wace ce ke goyon ƙane in uwa ta tafi kasuwa ko tana bakin kaskon ƙosai: yarinya ce ƴar shekara takwas ko tara, wadda ya kamata a ce tana aji. Wurin reno mai aminci a bakin kasuwar Maraɗi ko kusa da masu sana'a a Tawa zai iya kasa ƙara wa ɗan yaye ko kalma ɗaya, amma ya mayar da yayarsa lakwal. Wannan kaɗai ya isa hujja, kuma uwar da ta kai ɗanta garderi don ta riƙe aikinta ba ta buƙatar a yi mata ƙaryar cewa zai zama likita kafin ta ji ta yi daidai.

Inda lissafin ya karkace shi ne rabon. Kusan duk binciken da ya nuna riba mai ɗorewa, daga Kingston zuwa Ypsilanti zuwa Gaza, a kan ƴaƴan talakawa aka yi shi, yaran da gidajensu ke fama da yunwa da rashin lokaci. A Nijar kuwa mafi yawan yara ba su taɓa taka jardan ba, waɗanda ke takawa kuma galibi ƴaƴan birni ne da uwayensu ke da albashi ko shago, wato waɗanda ke da abinci da littafi a gida tun farko. In gwamnati na da ɗan abin kashewa a wannan fanni, shekara guda ta share fage kafin ajin CI, cikin harshen gida, a ɗaki na gini, ga ƴan shekara biyar na ƙauye da gefen gari, ta fi kusa da abin da bincike ya goyi baya. Ga ƴan ƙasa da shekara uku kuwa hanyar ta bi ta asibitin unguwa ne: matar da ta kawo ɗanta awo ko allura a CSI ta riga ta zo, kuma ma'aikatan sa-kai na lafiya sun riga sun san ƙofar gidanta. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suna da tsararren darasi na nuna wa uwa wasa da hira da ɗanta a irin wannan zama, da ƙoƙo da cokali da murfin kwalba.

Mai gidan da ya riga ya yanke shawarar biya, ya je da kansa da hantsi, ranar da ba a san zai zo ba, ya tsaya bakin taga minti goma. Ya ƙirga yaran ya ƙirga manyan. Ya duba ko madam tana durƙusawa ta yi magana da yaro ɗaya ta jira amsarsa, ko daga bakin allo take yi wa kowa tsawa. Ya duba ko akwai bulala a kan tebur, ko akwai tabarmar barci, ko yaran na fita tsakar gida su yi gudu. Ya tambayi shekara nawa matar ta yi a wurin, domin inda ake canza mai reno duk wata uku saboda ƙarancin albashi, ɗan shekara biyu ba ya samun wanda zai saba da shi. In an hana shi shiga, an ce sai ya nemi izinin direkta a rubuce, wannan ma amsa ce.